Tara tsofaffin rediyo da gyaransu

Tara tsofaffin rediyo da gyaransu harka ce da ta haɗa sana'a da sha'awa, inda mutum zai nemo akwatin rediyo ko rikoda ko garmaho ko amfilifaya da aka daina yayinsu tuntuni, ya share ya gyara har su dawo suna magana. A Turai da Amurka abun har ƙungiyoyi da mujallu gare shi, mu nan Kaduna kuwa yawanci ba da sunan tarawa ake farawa ba, rediyon baba ce ko ta kaka da aka kasa yarwa, tana saman kabad shekara da shekaru sai wata rana wani ɗan gidan ya sauko da ita ya kai wa mai gyara. Galibi in aka ce tsohuwar rediyo ana nufin wadda aka ƙera daga wajen 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1980, lokacin da kowane ɗan ƙarfe na cikinta zaman kansa yake yi, ana iya cire shi a sa wani. Wannan shi ne sirrin harkar gaba ɗaya, don na yanzu kusan komai an dunƙule shi cikin ƙwaya ɗaya, in ta ƙone shikenan sai bola.

Yadda rediyo ta zauna a Arewa

A shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka suka fara kawo shirye-shiryen BBC Najeriya, da farko ma ta waya ake jan muryar zuwa wani ɗan akwati mai lasifika a gidan wanda ya biya kuɗi, ba ka da ikon canza tasha. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta NBS, ta koma NBC a 1957, shekarar da BBC ta buɗe sashen Hausa a watan Maris. Sai 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa BCNN a nan Kaduna da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila EMI da Granada, wato abun da kowa ya sani da Rediyon Kaduna, daga baya a 1978 aka haɗe ta cikin hukumar rediyon tarayya FRCN. Muryar Amurka ta fara Hausa a 1979. Shi ya sa ɗan Arewa in zai sai rediyo tambayar farko ita ce tana kama gajeren zango? Rediyon Kaduna an san ta a 594 a matsakaicin zango da 6090 a gajeren zango mita 49, kuma wannan gajeren zangon ne ya kai Zaɓi Sonka har kunnen Hausawan Gana da Kamaru da Sudan.

Ire-irensu

Kashi biyu ne manya. Na farko masu bawul, wato waɗansu 'yan kwalabe kaman kwan lantarki da ke ja su yi zafi a ciki. John Fleming ya ƙirƙiro bawul a 1904, Lee de Forest ya ƙara masa ƙafa ta uku a 1906 ya zama yana iya ƙara ƙarfin sauti. Waɗannan su ne manyan akwatunan katako ko na baƙar roba mai tauri da ake kira Bakelite, irin na Philips na Holan da Grundig na Jamus da Pye da Bush da Murphy na Ingila, in ka kunna sai ka ɗan jira ta ɗumama kafin ta yi magana, wasu har da koren ido a gaba da ke tsukewa in ka dace da tasha. Ba su yi yawa a hannun talaka ba saboda tsada da kuma rashin wuta, sai gidan sarakai da manyan ma'aikata da attajirai. Akwai dai wata 'yar shuɗiya da kamfanin Ever Ready ya yi a 1949 musamman don Afirka, jikinta na tukunyar girki ne na alminiyam, da batir take aiki.

Na biyu masu tiransisto, wato wani ɗan ƙaramin abu da ya maye gurbin bawul. An ƙirƙiro tiransisto a 1947 a ɗakin binciken Bell a Amurka, rediyon aljihu mai tiransisto ta farko Regency TR-1 ta fito a 1954, Sony ta biyo a 1955, daga nan Japan ta cinye kasuwa. Su National Panasonic da Sony da Sanyo da Sharp da Toshiba su ne suka shiga kowane lungu, manyan batira biyu ko huɗu, a ɗinka mata riga ta fata ko ta yadi, makiyayi ya rataya a kafaɗa, mai shayi ya kafa a tebur. Wajen masu tarawa kuwa su Grundig Satellit da Zenith Trans-Oceanic su ne sarakai, don faɗin zangon da suke kamawa.

Kusan dukkansu tsari ɗaya suke bi wanda Edwin Armstrong ya fito da shi a 1918, duk tashar da ka kamo sai rediyon ta fara juya ta zuwa lamba ɗaya tsayayya, wajen 455 zuwa 470 kilohaz, ko 10.7 megahaz a FM, sannan ta tace ta ƙara mata ƙarfi. Waɗannan 'yan gwangwanaye masu sukuru a ka da ake gani a kan allon da aka dasa kayan cikin rediyo su ke wannan aikin, kuma su ne farkon abun da ɗan koyo ke kai wa sukundireba ya murɗa, don Allah a bar su, da na'ura aka saita su a kamfani, in aka birkita su dawo da su sai wanda ya san aikin.

Abun da ke kashe su

Mutane sun ɗauka bawul ne ke mutuwa, alhali sau da yawa bawul ɗin garau yake bayan shekara sittin. Kwandansa ce matsalar, wato 'yar abun nan da ke tara wuta ta riƙe. Tsofaffin an yi su ne da takarda da kakin zuma, da shekaru suka ja sai su sha danshi su fara yoyon wuta, manyan kuma masu ruwa a ciki su bushe, shi ne za ka ji rediyo tana wani gurnani buuu ba ƙaƙƙautawa ko ka rage murya. Akwai wata 'yar kwandansa guda da ke gaban bawul na ƙarshe, irin su EL84, in ta yi yoyo sai bawul ɗin ya ja wuta fiye da ƙima ya yi ja zur ya ƙone taransifomar lasifika, ita kuwa wannan taransifomar samunta aiki ne, sai dai a kai a sake naɗa ta.

Sai namu na gida. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin faranta na abun neman tasha da cikin abun ƙara murya, shi ne ƙarar nan ta kwarr kwarr in ana murɗawa. Damina ta zo katako ya kumbura, fatar jikinsa ta ɓare, tsatsa ta kama shasi, wato ƙarfen da aka ɗaura kayan cikin a kai. Kyankyasai su yi gida, ɓera ya ci waya da takardar lasifika, gara ta ci akwatin, zanzaro ya gina ɗakinsa a kan allo, duk ana gani. Masu batir kuma babban makashinsu shi ne batirin da aka manta a ciki ya fashe ya zubo ya cinye sifirin da tagullar allo. Wasu rediyoyin Turai na farkon 1960 masu tiransisto irin AF117 suna da wata cuta ta daban, wasu siraran gashi na ƙarfe ke tsirowa a cikin gwangwaninsa su haɗe wuta, rediyo ta yi shiru, wani sa'in in ka ɗan ƙwanƙwasa ta farfaɗo.

Ga kuma Nepa. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kayan gwanjo da yawa a daƙiƙar farko suke mutuwa don ba a duba bayansu ba kafin a jona.

Yadda ake gyara

Dokar farko, rediyon da ta daɗe a ajiye ba a jona ta kai tsaye don a ji ko tana yi, wannan gwajin shi ya fi kashe su. Ana buɗe baya, a ɗauki hoton komai da waya, a share ƙura da burushi mai laushi, a bi da mita a gwada taransifoma da waya da fis. Masu gyara suna da wata dabara mai arha, a jera kwan lantarki irin na da mai zare, wat 60 ko 100, a kan layin wutar da ke shiga rediyon, in akwai inda wuta ta haɗe sai kwan ya haska sosai ya shanye wutar maimakon taransifoma ta ƙone, in lafiya lau ne zai ɗan haska ya dushe. Kwan zamani ba ya wannan aikin, shi ya sa na da ɗin ma yanzu ake adana shi.

Daga nan sai a canza kwandansojin takarda da manyan na wuta, ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, ba a kwashe su gaba ɗaya a zo a rasa inda wata take ba. A gwada rizisto, wato 'yan abubuwan da ke rage ƙarfin wuta, don masu gawayi lambarsu hawa take yi da tsufa. A wanke maɓallai da man feshi na lantarki, a sake zaren da ke jan allurar tasha in ya tsinke, wanda aiki ne mai cin rai wallahi, a bi wuraren da dalma ta tsage da ƙarfen soda. Gilashin da aka rubuta sunayen garuruwa a kai kuwa kar a kuskura a sa wa bayansa ruwa, rubutun zai wanke tas kuma ba inda za a samo wani.

Maganar haɗari ba wasa ba ce. Cikin mai bawul akwai wuta 250 ko fiye, kuma manyan kwandansoji suna riƙe ta ko bayan an zare filogi, sai an sauke ta ta cikin rizisto. Akwai kuma masu arha da aka yi ba taransifoma, shasin haɗe yake da layin Nepa kai tsaye, in filogi ya juya duk ƙarfen wuta ne. Ɗan koyo ya fara da mai batir.

Rikoda, garmaho da amfilifaya

Philips ce ta fito da kaset a 1963, kuma rikoda kusan kullum ciwonta ɗaya, bel ɗin roba ya saki ko ya narke ya zama baƙin danƙo, sai a goge da sifirit a sa sabo daidai girmansa, a share kan da tayar da ke danne zare. Garmaho allura da bel ne, sai a tabbatar yana juyi daidai 33 ko 45 ko 78. Amfilifayoyin Japan na shekarun 1970, su Pioneer da Sansui da Kenwood, suna da tsada yanzu a kasuwar duniya. Su Ahuja da TOA na masallatai kuwa ba su ma samu damar zama kayan tarihi ba, har yau aiki suke sha.

Inda ake samu, da taƙaddamar masu harkar

A Kaduna mai nema yakan leƙa Panteka da Kasuwar Barci da shagunan tsofaffin masu gyara, inda ake jibge rediyon da masu su ba su dawo karɓa ba. Babban abokin gasarsa ɗan jari bola ne, shi tagullar taransifoma da alminiyam yake so a kilo, guduma ɗaya ya gama da abun da ya shekara hamsin. Kayan gyara kuwa yawanci daga gawar wata rediyon ake cira, kodayake har yanzu ana ƙera wasu bawul a Rasha da Sin da Sulobakiya saboda masu amfilifayar jita.

Masu harkar sun rabu. Wasu sun ce a bar komai yadda kamfani ya yi, har sukan rarake tsohuwar kwandansa su ɓoye sabuwa a ciki don kar ido ya gane. Wasu kuma cewa suke ai rediyo don saurare aka yi ta, su kwashe cikin su dasa allon Bluetooth na Sin. A ganina na biyun ɓarna ce in dai rediyon tana gyaruwa, don ana iya jona waya ta ramin garmaho da ke bayan yawancinsu ba tare da an yanke ko waya ɗaya ba.

Sai dai masu dasa allon suna da hujja guda, tashoshi sun koma FM. Yawancin tsofaffin ba su da FM sam, wasu na Jamus a 100 ko 104 suke tsayawa, waɗanda aka yi don cikin Japan kuma 76 zuwa 90 ne, ba za su kama Supreme a 96.1 ko Karama a 92.1 ba sai an sa musu abun juya zango. Gidajen waje da dama sun rage gajeren zango, ga cajar waya da inbata da kwan zamani suna cika iska da shuu. Maganin da aka fi yi shi ne a ja doguwar waya a waje ta zama eriya, a nisanta rediyon da caja, a jira dare, lokacin ne matsakaicin zango ke tafiya nesa har a kamo tashoshin ƙasashen maƙwabta.