Tsohuwar fistol ta aljihu: a goge ta ko a bar ta da tsufanta?

Wace irin bindiga ake nufi da fistol ta aljihu?

Ƙananan bindigogi ne da aka ƙera a farkon ƙarni na 20 domin su shige aljihun kwat ba tare da sun maƙale a tufa ba. Mafi shahara daga cikinsu zanen Ba'amurke John Moses Browning ne. Kamfanin Colt da ke Hartford a Amurka ya fitar da Model 1903, ya ci gaba da ƙera ta har 1945, an yi sama da rabin miliyan. Kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam kuwa ya yi Model 1910, irin wadda Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya da ita a Sarayebo a 1914. Yau da yawansu suna hannun masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai.

Me ya sa suke lalacewa haka?

Aljihu ba wurin zaman ƙarfe ba ne. Gumi yana da gishiri, tufa kuma tana gogar gefuna kullum, shi ya sa baƙin launin ke fara koɗewa a kusurwoyi da bakin bindigar. Cikin bututun kuma harsasan da ne suka yi ɓarna: sinadarin da ke kunna albarushinsu yana barin wani gishiri mai jan laima, idan ba a wanke da ruwa ba sai tsatsa ta yi ramuka kamar zanzana.

To a sake mata launi mana, ta dawo sabuwa?

Nan ne nake cewa a dakata. Baƙin da masana'anta ta yi mata sau ɗaya ake yin sa, in aka goge shi ya tafi har abada. Masu tara irin waɗannan kaya sun fi daraja bindigar da ta koɗe amma launinta na asali ne, fiye da wadda aka sake wa fuska tana ƙyalli. Sau da yawa mutum ya kashe kuɗi wajen gyara, ya wayi gari farashinta ya faɗi. Ni abin da ya fi ba ni takaici ma ba kuɗin ba ne. Wurin da babban yatsan wani ya cinye launi cikin shekara arba'in shaida ce ta yadda aka riƙe ta, kuma injin gogewa yana share wannan cikin minti biyu.

Sake launi yana da hujja idan tsatsa ta riga ta cinye asalin, ko wani ya taɓa yi mata mummunan gyara a baya. A nan babu sauran abin da za a yi asara.

Idan ba za a sake launin ba, me za a yi?

A tsayar da tsatsar kawai. Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, a cire marfin ƙotar a ajiye gefe, domin na Colt na farko baƙar roba ce mai tauri, tana karyewa, zafi kuma yana mai da ita ruwan ƙasa. A jiƙa ƙarfen da mai, a bar shi ya kwana, sannan a shafa a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ko na tagulla. Jar tsatsa za ta tashi, baƙin ya zauna. Kada samfefa ta kusance ta, haka ma ruwan tsami da magungunan cire tsatsa, don su ba sa bambanta tsatsa da launi. A ƙarshe a shafa mai kaɗan ko kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi.

Shi baƙin launin, fenti ne?

A'a, shi ma tsatsa ce, amma baƙa, wadda ke manne wa ƙarfe ta riƙe mai. Tsohuwar hanyar yin sa ita ce a wanke maiƙo tas, a shafa sinadari, a ajiye ƙarfen a wuri mai laima har ya yi ja, sannan a tafasa shi a tataccen ruwa. Tafasar ce ke mai da jar tsatsa baƙa. A goge ƙurar, a sake, sau da yawa, har launin ya kama. Aikin kwanaki ne, kuma ko sawun yatsa ɗaya zai bar tabo. Daga baya masana'antu sun koma tsoma ƙarfe a tafasasshen ruwan sodar sabulu da gishirin naitiret mai zafin kusan digiri 140, abin da ke iya ƙona fata da makantar da ido, don haka aikin ƙwararru ne. Ruwan launi na kwalba da ake shafawa a sanyi kuwa na rufe ɗan ƙarce ne, ba ya daɗewa.

Wane kuskure ne ya fi yawa?

Yawan gogewa. Mai gaggawa yana son ramukan tsatsa su ɓace, sai ya danna ƙarfen a inji. Gefuna masu kaifi su zama dunƙulallu, ramukan kusoshi su lotsa, rubutun kamfani da ɗan dokin da ke tambarin Colt su dushe. Gwani da hannu yake gogewa, samfefarsa naɗe a kan katako mai shafaffen fuska, kuma ya gwammace ya bar rami da ya ci rubutu. Lambar bindiga kuwa ba a taɓa ta sam, riƙe bindigar da aka goge wa lamba laifi ne a dokar tarayyar Amurka.

Wanda ya tsinci irinta cikin kayan gado a Najeriya fa?

Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma tsatsa ko gado ba sa cire ta daga wannan jerin. Kada ya kai ta wurin maƙeri, kada kuma ya gwada ko tana tashi. Ya nemi shawarar lauya, a sanar da 'yan sanda.