Ledar gilashin mota: a duba ingancinta kafin duhunta

Direbobinmu na Maraɗi, musamman masu jigila zuwa Tasawa da Damagaram, da masu bin Ɗan Isa zuwa Jibiya, ku kuka fi kowa shan rana. A watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma rana na dukan hannunku na hagu da gefen fuska tun safe har la'asar.

Ga abin da ya sa ma'aikatan lafiya muka damu da batun. A cikin hasken rana akwai wani sinadarin haske da ido ba ya gani, ana ce masa UV. Gilashin gaba yana tare mafi yawansa saboda akwai roba a tsakiyarsa, amma na ƙofofi yana barin kaso mai yawa ya shigo. Shi ne ke tsofar da fata, yana kuma cikin abubuwan da ke kawo yanar ido. Ga 'yan'uwanmu zabiya kuwa, yana iya kai su ga kansar fata. Leda mai kyau tana tare kusan kashi 99 cikin 100 nasa, tana rage zafi, in kuma gilashi ya fashe a hatsari takan riƙe ɓaraguzan kada su watsu a fuskar fasinja.

Sai dai mutane da yawa baƙi ƙirin suke nema. Akwai leda mai haske da ta fi baƙa aiki, ita kuwa mai arha ba ta jimawa take koɗewa, ta yi ƙuraje. Mai baƙin gilashi da dare, ko ranar da hazon hunturu ya sauko, ba ya hango ɗan kabu-kabu ko amalanken da ba fitila sai ya zo dab da shi. Don Allah kada a duhunta gilashin gaba da na ƙofar direba. A kuma tambayi 'yan sanda abin da doka ta yarda da shi kafin a liƙa. Masu shiga Najeriya su ma su tambayi abin da dokar can ta ce kan takardar izini.

Iyaye, wannan ce ta fi tsaya mini a rai. Ko wace irin leda aka sa, motar da aka rufe a rana zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri 10 cikin minti 10, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Duhun ma hana masu wucewa ganinsa yake yi. Ko saƙo za ku karɓo a bakin kasuwa, ku fito da yaron ku tafi tare.