Ma'anar "hannu ɗaya" a wurin aikin hanya, da dalilin rage gudu

Idan direbobi suka ce an mayar da hanya hannu ɗaya, suna nufin an rufe ɓangare guda na tagwayen hanya saboda gyara, an tattara masu zuwa da masu dawowa a ɗayan ɓangaren. Masu bin hanyar Abuja zuwa Kaduna da Kano sun daɗe da saninsa. Shingen tsakiya ya kau ke nan, abin da ya raba mota da wadda ke tunkaro ta bai wuce jerin robobi ko tubalan kankare ba.

Shi ya sa ake rage gudu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, iyakar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta yanka wa ƙananan motoci a babbar hanya ta ekspires, tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Kafin direba ya hango hatsari ya taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta wuce, ya ci mita 42. Birkin kansa yana buƙatar kamar mita 55 a busasshiyar kwalta. Jimilla kusan mita 100. A gudun 50 kuwa, wajen mita 35 sun isa, domin idan gudu ya ninka, nisan birki sau huɗu yake ƙaruwa. Kan tsakuwa ko jar ƙasa da aka yayyafa wa ruwa, taya ba ta kama ƙasa sosai, nisan ya ƙara tsawo. Tirela mai lodi kuma ba a magana.

Ba a sauke gudu lokaci guda. Allon gargaɗi ya kamata ya zo tun da nisa, sai alluna masu saukar da gudu mataki-mataki, 80, sannan 60, sai robobi a jere a karkace su janye motoci sannu a hankali, a kuma bar fili babu kowa kafin inda ma'aikata suke. Inda aka kafa allo sai a bakin wurin aikin kawai, na gaba yakan taka birki da ƙarfi, na baya ya daki bayansa.

Mafi muni shi ne shan gaban mota a cikin hannu ɗaya, musamman da dare, ga ƙura, ga robobi marasa ƙyalli. Motoci biyu masu tunkarar juna da gudun 80 suna cinye tazarar da ke tsakaninsu da saurin 160, ma'aikacin da ke riƙe da jar tuta don tsayar da motoci kuma yana tsaye a gefen kwalta.