Yoga ta jinya a aikin kula da majinyata a gida

Yoga ta jinya wani reshe ne na yoga da ake daidaita motsa jikinta, atisayen numfashinta da hanyoyin kwantar da hankalinta da larurar mutum ɗaya, maimakon a tara jama'a a aji guda kowa ya yi abu iri ɗaya. A ƙasashe kamar Indiya, Amurka da Birtaniya, wasu masu aikin kula da tsofaffi da majinyata a gidajensu kan haɗa aikin nasu da ita: mai kulawar da ya zo yi wa tsoho wanka, ya ba shi abinci, ya tuna masa shan magani, shi ne kuma zai zauna da shi na 'yan mintuna su miƙe gaɓɓai, su daidaita numfashi.

Asali

Yoga daɗaɗɗiyar aba ce a Indiya, amma amfani da ita a tsarin jinya na zamani ya kankama ne a ƙarni na 20. Shri Yogendra ya kafa cibiyarsa ta yoga a Bombay (Mumbai a yau) a 1918, Swami Kuvalayananda kuma ya buɗe Kaivalyadhama a Lonavla a 1924, inda aka soma auna tasirin atisayen da na'urorin likita. T. Krishnamacharya, wanda ya rayu daga 1888 zuwa 1989, ya yi fice wajen bai wa kowane ɗalibi abin da jikinsa zai ɗauka, kuma ɗansa Desikachar ya ɗora a kan wannan a cibiyar da ya kafa a Madras (Chennai a yau) a 1976. B.K.S. Iyengar na Pune shi ya yaɗa amfani da kujera, ɗamara, matashi da katako don tallafar jikin da ba shi da ƙarfi. Wannan dabara tasa ita ta fi shiga aikin gida, domin wanda ake jinya a ɗaki sau da yawa ko sauka ƙasa ba ya iyawa, balle ya tashi.

Yadda ake yi

Galibi a kan kujera ake yi, ko a kan gado. Majinyaci zai juya wuyan ƙafa da na hannu, ya ɗaga kafaɗu ya sauke, ya miƙar da baya a hankali, ya tashi tsaye ya koma ya zauna yana riƙe da abu mai ƙarfi. Wanda yake iya tsayuwa akan koya masa tsayawa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango ko bayan kujera. Sai numfashi: a ja iska ta hanci a natse, a fitar da ita a tsawon lokacin da ya ɗan fi na ja. Akan rufe da kwanciya ko jingina shiru.

Abin da aka fi nema da wannan shi ne rage faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 684,000 ke mutuwa a kowace shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su abin ya fi shafa. Shawarar da hukumar ta fitar a 2020 ta nemi tsofaffi su riƙa atisayen daidaito da ƙarfafa jiki aƙalla kwana uku a mako. A 2017 kuma ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta sanya yoga cikin hanyoyin da ba na magani ba da ake fara gwadawa ga ciwon baya mai daɗewa. Amfanin mai kulawa a nan a fili yake: malamin yoga sai jefi-jefi ake ganinsa, shi kuwa kusan kullum yana gidan, ya san ranar da tsohuwa ta kwana da ciwo da ranar da ta tashi garau.

Masu kula da majinyatan su ma an duba lamarinsu. Wani bincike da Helen Lavretsky ta jagoranta a jami'ar UCLA ta Amurka ya gwada zaman natsuwa na minti 12 a kullum, tsawon mako takwas, ga masu jinyar 'yan uwansu masu cutar mantuwa, aka ga damuwarsu ta ragu. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka ba hujja ce yankakkiya ba.

Horo da iyaka

Nan ne matsalar take. A Amurka, mafi ƙarancin horon da dokar tarayya ta gindaya wa mai taimakon jinya a gida awa 75 ne. Ƙungiyar masu yoga ta jinya ta duniya (IAYT) kuwa, wadda Larry Payne da Richard Miller suka kafa a 1989, tana neman horon awa 800 a cikin aƙalla shekara biyu, bayan awa 200 na koyarwar yoga, kafin ta ba mutum shaidarta. Tazarar ba ƙarama ba ce, kuma kwas ɗin 'yan kwanaki ba ya cike ta. Mai zaizayar ƙashi zai iya samun karaya a ƙashin baya idan aka sunkuyar da shi ko aka murɗa shi da ƙarfi. Mai hawan jinin ido ba a sa shi ya sauke kai ƙasa da ƙirji. Mai hawan jini ko ciwon zuciya a kiyaye shi daga riƙe numfashi da kuma numfashi mai sauri da ƙarfi. Wanda aka sauya masa ƙashin ƙugu akwai motsin da likita kan hana shi na wani lokaci, sannan wasu magungunan na sa jiri idan mutum ya miƙe farat ɗaya. Shi ya sa ake son likita ko likitan motsa gaɓɓai ya amince tukuna, a rubuta abin cikin tsarin kulawar majinyacin, shi ma ya yarda da bakinsa. Yoga ba ta maye gurbin magani.

Batun addini

Saboda alaƙar yoga da addinin Hindu, Majalisar Fatawa ta Malesiya a 2008, da Majalisar Malamai ta Indunusiya a 2009, sun hana Musulmi nau'in da ya ƙunshi rera kalmomin bauta. Masu aiki a gidajen Musulmi da na Kirista da yawa kan tsaya a kan motsa jiki da numfashi kawai, su kuma tambayi majinyaci da iyalinsa kafin su fara.