Sandar daidaito da abin bara a bakan farauta na zamani

Sandar daidaito, wadda masu shagon kayan harbi ke kira sitabilaiza, sanda ce ta kabon ko ta alminiyam mai nauyi a baki, da ake ɗaurawa a gaban bakan zamani ƙasa kaɗan da mariƙi. Aikinta biyu ne: ta rage rawar da baka ke yi lokacin da maharbi yake saiti, ta kuma shanye jijjiga da ƙarar da ke biyo bayan sakin kibiya. Abin bara kuwa shi ne abin da ake kafawa a fili ana gwada hannu a kansa kafin a shiga daji. Waɗannan biyun suna cikin kayan da mai sayen bakan farauta na farko ke cin karo da su a rana ɗaya, musamman a Amurka da Kanada inda farauta da baka take da lokacinta na musamman a shekara, da lasisi, da kasuwa mai faɗi.

Asali

Farauta da baka a matsayin wasa ta farfaɗo a Amurka ta hannun Saxton Pope, likita a California, da abokinsa Arthur Young. Pope ya koyi sassaƙar baka da dabarun sanɗa daga Ishi, mutum na ƙarshe da aka sani daga ƙabilar Yahi, wanda ya fito daga daji a 1911. Jihar Wisconsin ce ta fara ware lokacin farautar barewa da baka a 1934, sannan aka kafa ƙungiyar Pope and Young Club a 1961 don tunawa da mutanen biyu.

Ita sandar daidaito a filin gasa aka haife ta. Ana danganta ta da Earl Hoyt Jr., maƙerin baka daga jihar Missouri, wanda ya fara sa sanduna masu nauyi a jikin bakunan gasa a farkon shekarun 1960. A wannan jihar dai Holless Wilbur Allen ya nemi rajistar bakan kamfawun a 1966, ya samu a 1969. Wannan baka yana da faya-fayai masu juyawa a ƙarshen rassansa, waɗanda ke sauke wa maharbi yawancin nauyin ja da zarar ya kai tsirkiya ƙarshe. A bakunan yau saukin kan kai kashi 65 zuwa 90 cikin ɗari. Da maharbi ya samu damar riƙe baka a ja na tsawon lokaci yana duba allurar saiti, wato ɗan tsinken da ake ɗorawa a kan abin hari, sai rawar hannu ta zama abin da ido ke gani ƙarara, mafarauta kuma suka aro sandar daga 'yan gasa, suka gajarta ta.

Bakan maharban ƙasar Hausa, mai tsirkiyar fata da kibiyar kyamro, bai taɓa neman irin wannan sanda ba, kuma dalilin yana haska batun duka. Kibiyar gargajiya da dafin kwankwani take kisa, don haka ko a cinya ta sami dabba, maharbi zai bi sawu har ta faɗi. Kibiyar farauta ta zamani ba ta ɗauke da dafi, dokokin mafi yawan wurare ma sun hana shi. Da yankan reza take kisa, sai ta ratsa huhu ko zuciya. A jikin barewar Amurka mai farin wutsiya, wurin nan bai wuce faɗin farantin cin abinci ba, inci 8 zuwa 10. Duk kuɗin da ake kashewa a kan sanda da abin bara, wannan ɗan farantin ake nema.

Yadda sandar take aiki

Abu mai nauyi da ke nesa da wurin juyawa yana da wuyar juyawa. Mai ɗaukar jarka biyu a bakin sanda ya san haka: idan ya so waiwayawa da sauri, kayan ba sa yarda. Ƙarfin wannan turjiya yana ƙaruwa ne da ninkin nisa sau kansa. Idan aka ninka tsawon sanda sau biyu, nauyin da ke bakinta bai canza ba, turjiyar ta ninku sau huɗu. A lissafi mai sauƙi, oza 2 a nisan inci 12 tana tsayar da baka kusan daidai da oza 8 a nisan inci 6, ga shi kuma kafaɗa ta huta da ɗaukar oza 6, wato kimanin giram 170. Wannan ne ya sa ake yin jikin sanda da kabon maras nauyi mai tauri, a tara nauyin duka a baki ta hanyar ƙananan faya-fayan ƙarfe da ake ƙarawa ko ragewa.

Aiki na biyu, shanye jijjiga, roba ce ke yin sa. Idan kibiya ta tashi, ragowar ƙarfin da bai bi ta ba yana komawa jikin baka, ya zama girgiza a tafin hannu da ƙara a kunne. Ƙarar tana da muhimmanci ga mafarauci domin sauti yana tafiyar kimanin ƙafa 1,100 a daƙiƙa, kibiyar bakan kamfawun kuwa tana yin kusan ƙafa 300. Dabba tana jin harbin kafin kibiya ta iso, kuma barewa mai tsoro takan durƙusa don ta zabura, kibiyar ta wuce ta saman bayanta.

A nan ne sabon shiga ke yawan ruɗewa. Guntun abu mai inci 4 ko 5, kusan duk roba, da ake haɗawa da bakunan masu farawa, ana sayar da shi da sunan sandar daidaito, amma abin da yake iyawa shi ne rage jijjiga. Tsayar da allurar saiti ya fi ƙarfinsa. Sandar da za a ji bambancinta a saiti takan fara daga inci 8 zuwa 12, da nauyi a baki. 'Yan gasa suna kai wa inci 30 ko fiye, abin da ba zai yiwu ga mai kutsawa cikin sarƙaƙiya ko mai zama cikin 'yar bukkar kwanto ba.

Zaɓen tsawo da nauyi

Wurin farauta ne ke yanke hukunci. A gabashi da tsakiyar Amurka, inda ake hawa dandamali a kan bishiya ana jiran barewa ta zo cikin yadi 20 zuwa 30, sanda mai inci 6 zuwa 8 ta isa. A jihohin yamma irin su Colorado da Wyoming, inda fili yake a buɗe, iska na kaɗawa, harbin kuma ya fi nisa, mafarauta da yawa sun fi son inci 10 zuwa 12. Wanda ke sha'awar shiga gasa daga baya yana da dalilin tsayawa a inci 12, domin nan ne iyakar da ƙungiyoyin harbin baka irin su NFAA, wadda aka kafa a 1939, da IBO suka sa wa rukunin masu kayan farauta.

Ramin da ake murɗa sandar a ciki kusan iri ɗaya ne a duk bakunan zamani, mai awon murɗi 5/16-24, don haka sandar wani kamfani tana hawa bakan wani. Wannan yana ba mai saye damar ya ari sanduna biyu ko uku a shago ya gwada kafin ya biya. Abin da ake dubawa shi ne yawon allurar saiti a kan bara. Idan tana rawa da sauri kamar ta wanda ke jin sanyi, nauyi ya yi kaɗan. Idan tana nutsewa ƙasa a hankali, maharbi yana fama ya ɗago ta, nauyin gaba ya yi yawa, ko kuma kafaɗa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ana ƙara oza ɗaya ɗaya, a yi harbi goma ko ashirin, sannan a sake taɓawa.

Akwai kuma sanda ta biyu, gajera, da ake karkatawa baya da gefe. Kwari cike da kibau da na'urar saiti duk a gefe ɗaya na baka suke zama, su rinjaye shi, ita kuma wannan sanda tana mayar da shi tsaye, kumfar iskar da ke cikin ɗan ma'aunin ruwa na jikin na'urar saiti ta zauna a tsakiya ba tare da an murɗa hannu ba. Amfaninta gaskiya ne, amma sa ta a bakan farko garaje ne. Wanda bai daidaita tsayuwarsa, riƙonsa da wurin da yake kafa hannun ja a fuskarsa ba, ba zai iya bambance kuskuren baka da nasa ba. Ya fi kyau ya yi makonni yana harbi da baka tsirara ko da 'yar sanda ɗaya, har kibansa su fara taruwa wuri guda. Nauyin ja da ya fi ƙarfin mutum, kamar fam 70 ga wanda 50 ya dace da shi, da tsawon ja da bai yi daidai da hannunsa ba, sun fi kawo rawar saiti fiye da rashin sanda, kuma babu sandar da ke gyara su.

Ire-iren abin bara

Kan kibiya iri biyu ne, kuma shi ke zaɓar abin bara. Akwai tsinin atisaye, mai santsi kamar bakin harsashi, akwai kuma kan farauta mai reza biyu, uku ko huɗu. Ana yin su da nauyi ɗaya, yawanci giren 100 ko 125 (giren 100 kimanin giram 6.5 ne), domin a sauya ɗaya da ɗaya ba tare da nauyin kibiya ya canza ba.

Buhu shi ne mafi arha kuma mafi daɗewa idan tsinin atisaye kaɗai ake harba masa. Buhun saƙar leda ne da aka danƙare da zare ko tsumma. Kibiya tana tsayawa cikinsa, ana kuma zare ta da yatsu biyu. Kamfanin Morrell na jihar Arkansas ya yi suna da irinsa. Aibinsa nauyi, da shan ruwa idan an bar shi a damina, sannan ba ya jure reza ko kaɗan: kan farauta yana yayyaga buhun, ya maƙale a cikin zaren, wani lokaci sai an farke shi kafin a ciro kibiyar. Ana iya haɗa irinsa a gida da buhun hatsi da tsofaffin tufafi, ledoji ko gidan sauro da ya mutu, a cire maɓallai da zif, a danna sosai da ƙafa. Damin ciyawa, wanda ya wadatar da bakunan da, sau da yawa kibiyar kamfawun takan ratsa shi ta fita.

Na biyu shi ne soso mai falle-falle da aka matse waje ɗaya, irin wanda aka sani da sunan Block. Kibiya tana shiga tsakanin fallayen, gogayya ta tsayar da ita, saboda haka ta gefen da bakin fallayen ke kallo ake harbinsa. Yana karɓar reza, amma kowace reza tana yanke wani abu daga ransa. Na uku shi ne curin soso mai tauri wanda raminsa ke komawa ya rufe bayan an zare kibiya, irin na kamfanin Rinehart. Shi ya fi jure kan farauta, ya fi tsada, kuma yana riƙe kibiya ƙam lokacin da yake sabo, har sai an shafa wa gabanta sabulu ko an yi amfani da robar riƙo wajen zarewa.

Sai mutum-mutumin dabba na soso, mai girman barewa ko aladen daji na gaske. Darajarsa ita ce ba shi da ɗigo mai launi da ke kiran ido. Maharbi shi zai nemo wurin da zai sa kibiya a bayan kafaɗa, ya kuma lura da yadda wurin ke sauyawa idan dabbar ta ɗan juya baya ko tana kallonsa, ko kuma idan daga sama yake harbi. Yawancinsu suna da ɓangaren ƙirji da ake cirewa a sa sabo idan ya cinye. Gasar da ƙungiyoyin IBO da ASA ke shiryawa a kan irin waɗannan ake yin ta, da zobba marasa fitowa sosai a ƙirji. A tsarin IBO ana ba da maki 11, 10, 8 da 5. Wannan ya sha bamban da gasar Olamfik, inda ake harbin takarda mai faɗin santimita 122 daga nisan mita 70.

Ga mai farawa da ƙaramin kuɗi, haɗin da ya fi ma'ana shi ne babban buhu na harbin yau da kullum da ƙaramin curin soso na gwada reza. Girman buhun yana da muhimmanci fiye da sunan kamfaninsa, domin kibiyar sabon hannu tana yawo, kuma kibiyar kabon da ta daki bango ko dutse ta tashi daga aiki. Gwajin rezar kuwa ba a tsallake shi. Kan farauta mai kafaffen reza yana kama iska kamar fiffike, idan baka bai daidaita ba sai ya faɗi inci da dama nesa da inda tsinin atisaye ke faɗawa. Soso yana dakushe reza, don haka wadda aka yi gwaji da ita ba a kai ta daji sai an wasa ta ko an sauya.

Atisaye da kariya

Ana farawa daga yadi 10, a koma 20, sannan a ja baya gwargwadon yadda kibau ke taruwa. Ma'aunin da mafarauta da yawa ke bi shi ne nisan da mutum zai iya sa kusan kowace kibiya cikin faranti. Abin da ya wuce nan na atisaye ne kawai. A kusa, kowace kibiya a ba ta ɗigonta daban, don kada wata ta fasa wata. Wanda zai yi farauta daga kan bishiya ya gwada harbi daga sama da rigar sanyin da zai sa ranar, yana lanƙwasawa daga ƙugu, domin hannun riga mai kauri na iya kama tsirkiya.

Bayan abin bara dole a sami abin tsaro, tudun ƙasa ko katangar katako mai kauri, kuma ba a jan baka ana kallon sama da shi, don kibiyar da ta kuɓuce tana iya tafiyar ɗaruruwan yadi. Ba a sakin tsirkiya babu kibiya. Ƙarfin duka yana komawa rassa da faya-fayai, yana iya tarwatsa su a fuskar mai riƙe. Kibiyar kabon da ta bugi abu mai tauri ana lanƙwasa ta a hankali kusa da kunne, idan ta yi ƙas-ƙas a jefar da ita. Garuruwa da yawa a Amurka sun hana harbin baka a bayan gida cikin unguwa, ita kanta farautar ma ba ko'ina aka yarda da ita ba: Faransa ta halatta ta a 1995, a Birtaniya kuwa dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe dabbar daji da baka, sai dai harbin abin bara.