Sinadarai masu kabon a ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa

Ruwan zafi na ƙarƙashin ƙasa shi ne ruwan da ke kwance a tsagogin duwatsu masu zurfi, inda zafin cikin ƙasa ya dafa shi. A yawancin wurare zafin yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita da aka nutsa. Ana haƙa rijiya a jawo ruwan ko tururinsa a juya injin lantarki da shi. An fara gwada haka a Larderello ta ƙasar Italiya a 1904, Kenya kuma ta buɗe tashar Olkaria a 1981. Ruwan yana ɗauke da gishiri da ma'adinai masu yawa, sai kuma ɗan sinadarai masu kabon, waɗanda duk da ƙarancinsu suke da hannu a lafiyar bututu da tsawon ran rijiya.

Mafi yawansu ragowar tsirrai ne da ƙananan halittun da suka mutu, laka ta binne su shekaru miliyoyi da suka wuce. Zafi yana narkar da wannan ragowa a hankali, ta koma iskar mitan da ƙananan asid irin su asitet da fomet da furofiyonet. Asitet dai daga asid ɗin da ke sa binega tsami yake. A wasu rijiyoyi akan tarar da benzin da fenol, musamman kusa da inda ɗanyen mai yake. Akwai kuma kabon da ba daga rai ya fito ba: idan ruwa ya haɗu da wasu duwatsu masu ƙarfe sai haidirojin ya fita, ya haɗu da kabon dayokzaid su haifar da mitan. Masana sukan auna nau'in kabon-13 domin bambance asalin biyun, ko da yake awon shi kaɗai bai cika yanke hukunci ba.

Zafi ne yake tsara komai a nan. Binciken da Carothers da Kharaka suka wallafa a 1978 kan ruwan filayen mai na Amurka ya nuna asid ɗin nan sun fi taruwa tsakanin digiri 80 da 200. Ƙasa da 80, bakteriya na cinye su. Sama da 200, zafi ne ke farfasa su, asitet ya rikiɗe zuwa mitan da baikabonet. Irin dutsen ma yana da tasa rawar. Ruwan da ya ratsa dutsen da laka ta daskare ta zama, kamar na Groß Schönebeck a arewacin Jamus, ya gaji kabon daga dutsen kansa. Falalen dutse irin na Soultz a Faransa, inda rijiyoyi suka kai kilomita 5, asalinsa narkakken dutse ne, ba shi da ragowar halittu a jikinsa.

Matsalar tana tasowa ne bayan an zare zafin. Ruwan da ya fito yana tafasa akan mayar da shi ƙasa ta wata rijiya bayan ya huce, to a wannan sanyin ne bakteriya suke samun wurin zama, ga kuma abinci a shirye. Masu cin salfet (wani gishiri da ke cikin ruwan) daga cikinsu suna fitar da iskar haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke cin ƙarfen bututu, yauƙin da suke yi kuma ya toshe matatar ruwa da bakin rijiya. Abin mamaki, wani lokaci injiniyoyi ne da kansu suke ciyar da su. Don hana ma'adinai daskarewa a bututu, irin farin ɓawon da ke mannewa a gindin butar shayi, sukan zuba magungunan fosfonet da makamantansu, su ma masu kabon ne, wasunsu kuma bakteriya na iya lalata su su ci. Akan kuma zuba naftalin salfonet da gangan don bin sawun ruwa daga rijiya zuwa rijiya, saboda yana jure zafi.

Ba duk halittun ruwan zafi ne abin ƙi ba. Masani Thomas Brock ya bayyana bakteriyar Thermus aquaticus ta maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka a 1969, daga gare ta aka samo sinadarin da gwajin PCR, wanda ake gano ƙwayoyin cuta da shi a asibiti, ya dogara da shi.

Nijeriya ba ta da tashar lantarki ta zafin ƙasa. Ruwan Wikki na Yankari digiri 31 ne kawai, na wanka ne, ba na juya inji ba. Yawancin jihar Katsina tana zaune kan tsohon falalen dutse, irin wanda ya fito fili a Dutsin-Ma, rijiyoyin burtsatse kuma, balle tsohuwar rijiyar Kusugu ta Daura, ba su kusanci zurfin da zafi yake ba. Kabon da za a tarar a ruwansu daga sama yake gangarowa, daga masai da taki da juji, shi ya sa awonsa a nan maganar tsaftar ruwan sha ce. Mai neman ruwa mai zurfi da zafi da kabon tare, sai ya dubi kwarin Chadi ko na Binuwai, inda aka riga aka haƙa rijiyoyin neman mai.