Me Ke Faruwa Idan Jini Ya Yanke Ya Kuma Dawo? Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikin Neil Granger

Akwai masanan da suka ƙarar da rayuwarsu suna kallon jijiyoyin da ido ba ya iya gani. Farfesa Neil Granger na ƙasar Amurka yana cikin fitattunsu, kuma abin da ya gano ya shafi duk gidan da ke da mai ciwon sikila ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki.

Waɗanne jijiyoyi ne waɗannan, kuma me ya sa har mutum zai mai da su sana'a?

Jijiyar da likita ke dannawa a wuyan hannu, ko wadda ake sa wa allura a ɗebi jini, babbar hanya ce kawai. Jini ba ya ciyar da jiki a cikinta. Sai ya rarrabu ya shiga sirara waɗanda faɗinsu bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 1000 na milimita ba, inda jajayen ƙwayoyin jini ke bin layi ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma sai sun lanƙwashe kafin su wuce. A nan ne iskar oksijin da abinci ke fita zuwa tsoka, datti kuma ya shigo. Kamar noman rani ne: babban magudanar ruwa ba ya shayar da shuka, ƙananan hanyoyin da ke shiga fangali su ne ke yi.

A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jini zagaye yake yi a jiki, amma bai ga mahaɗar da ke tsakanin jijiyoyin da ke kai jini da masu dawo da shi ba. Marcello Malpighi na Italiya ne ya gan ta a huhun kwaɗo a 1661. Daga baya August Krogh na Denmak ya samu kyautar Nobel a 1920 saboda bayanin yadda waɗannan sirara ke daidaita jinin da tsoka ke samu gwargwadon aikinta.

Wane ne Neil Granger?

Ɗan jihar Luwiziyana ne. Ya yi digirin digirgir a fannin fiziyoloji, wato ilimin yadda sassan jiki ke aiki, a cibiyar likitanci ta Jami'ar Misisipi, ya gama a 1977 a hannun Aubrey Taylor. Daga nan ya koma Jami'ar Kudancin Alabama da ke garin Mobile. A 1986 aka ba shi shugabancin sashen fiziyoloji a makarantar likitanci ta Jami'ar Jihar Luwiziyana da ke Shreveport, ya kuma shafe shekaru masu yawa a kan kujerar. Ya shugabanci ƙungiyar masana fiziyoloji ta Amurka a 2004.

Tambayar da ya fara da ita ƙarama ce a ido: ta yaya ruwa da furotin ke ratsa bangon ƙananan jijiyoyin hanji? Ƙwarewar da ya samu wajen auna wannan yoyo ita ce ta buɗe masa ƙofar duk abin da ya biyo baya.

Mene ne babban abin da ya gano?

Da can, fahimtar likitoci ita ce: idan jini ya yanke wa wani sashe na jiki, rashin oksijin ne ke kashe shi, da zarar jini ya dawo kuwa an tsira. Wasu masu binciken zuciya sun riga sun lura cewa dawowar jinin ma tana da tata ɓarnar, sai dai ba a san dalili ba.

A Mobile, Granger ya haɗu da Joe McCord, wanda shi da Irwin Fridovich suka gano a 1969 wani sinadarin jiki mai suna SOD, mai kawar da wani nau'in oksijin mai guba. A 1981 Granger da McCord da Gianfranco Rutili suka buga sakamakon gwajin da suka yi a hanjin kyanwa. Sun rage jinin da ke zuwa hanjin, sannan suka sake shi, sai suka ga ƙananan jijiyoyin sun fara yoyo sosai. Amma idan an riga an ba dabbar SOD, yoyon ya kan ragu ƙwarai. Bayaninsu shi ne, a lokacin da jini ya yanke, wasu sinadarai suna taruwa a cikin ƙwayoyin jiki. Da oksijin ya dawo, sai wani sinadari mai suna zantin oksides ya haɗa su da shi ya fitar da gubar. Sun ƙara tabbatar da haka daga baya da alofurinol, tsohon maganin ciwon gaɓɓai da ke toshe wannan sinadari.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 1986, wanda ya yi da Dale Parks. Sun kwatanta hanjin da aka takura wa jini na awa 4 cur, da wanda aka takura wa na awa 3 sannan aka sake masa jini na awa 1. Hankali zai ce na farko ne zai fi lalacewa. Na biyun ne ya fi. Lokaci ɗaya ne, bambancin kawai a ɗayan jini ya dawo. Da wuya a samu gwaji mai sauƙin fahimta da ƙarfin hujja irin wannan.

Ke nan bai kamata a gaggauta dawo da jini ba?

A'a, kada a fahimci haka ko kaɗan. Sashen da jini bai dawo masa ba mutuwa zai yi gaba ɗaya. Wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ko ƙirjinsa ya riƙe, asibiti za a kai shi nan take. Abin da binciken ya nuna shi ne ceton yana zuwa da wani rauni nasa, kuma idan aka iya rage shi, za a tsirar da tsoka fiye da yadda ake yi.

To ina kumburi ya shigo cikin zancen?

Gubar oksijin ita ce farkon lamarin, ba ƙarshensa ba. Tana taɓa ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon jijiya daga ciki, su kuma sai su fito da wasu furotin masu danƙo a samansu, irin su P-selektin. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, da ke wucewa sai su soma mirginawa a jikin bango, su tsaya, su manne, su kutsa cikin tsoka suna zuba makaman da aka tanada don kashe ƙwayoyin cuta. Ga shi kuwa babu cutar da ta shigo. Jiki ne ke yaƙar kansa. A 1987 ɗakin binciken Granger ya nuna cewa idan aka kawar da waɗannan fararen ƙwayoyi, ko aka hana su mannewa, yoyon jijiyoyin yana raguwa.

A 1991 kuma, shi da abokan aikinsa Paul Kubes da Suzuki suka nuna cewa iskar naitirik oksayid, wadda bangon jijiya ke fitarwa, ba buɗa jijiya kaɗai take yi ba, tana hana fararen ƙwayoyin mannewa. Da suka toshe ta, mannewar ta ninka sau da yawa. Kubes, wanda ya samu horo a wurinsa, ya koma Jami'ar Calgary a Kanada ya zama babban masani shi ma.

Ta yaya suke ganin wannan duka?

Da ido, ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ana sa wa dabba maganin barci, a jawo siririn tantanin da ke riƙe da hanji a shimfiɗa shi a kan gilashi, ana ɗiga masa ruwan gishiri mai ɗumi don kada ya bushe. Haske na ratsa shi, kyamara na ɗauka. A fuskar allo za ka ga jajayen ƙwayoyi na gudu a tsakiya, fararen kuwa na birgima a gefe a hankali. Mai binciken zai zaɓi wani ɗan tsawo na jijiya ya yi ta ƙirga: nawa suka wuce a minti ɗaya, nawa suka tsaya cak. A ƙa'idarsu, wadda ta tsaya daƙiƙa 30 ba motsi ita ce ta manne. Aiki ne na haƙuri, na mai da hoto baya ana sake ƙirgawa. Julius Cohnheim na Jamus ya ga wannan birgima a jikin kwaɗo tun 1867. Abin da su Granger suka ƙara shi ne auna ta da gano sinadaran da ke haddasa ta.

An samu magani daga binciken?

A nan ne labarin ya yi ɗaci. Magungunan da suka hana fararen ƙwayoyi mannewa sun yi aiki a jikin dabbobi, amma a jikin mutane akasari ba su ba da abin da aka sa rai ba. Wani mai suna enlimomab, da aka gwada kan masu shanyewar ɓarin jiki, sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna ya ma ƙara musu illa. Dalilai suna da yawa, amma ɗaya a fili yake: dabbar gwaji matashiya ce mai lafiya, maras lafiyan asibiti kuwa sau da yawa dattijo ne mai hawan jini, ko ciwon suga, ko kitse a jini. Granger ya juya akalar bincikensa zuwa nan, yana nazarin yadda waɗannan cututtuka ke sa bangon ƙananan jijiyoyi ya zauna cikin shirin kumburi tun kafin jini ya yanke. A ganina wannan ne ya nuna ingancinsa a matsayin masani: bai kare tsohon sakamakonsa ba, ya tambayi abin da ya rage.

Mece ce alaƙar wannan da ciwon sikila?

Alaƙa ce ta kai tsaye, kuma ta shafe mu, tunda ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da amosanin jini, wato sikila, a Najeriya kowace shekara. Bayanin da aka saba ji shi ne jajayen ƙwayoyi suna lanƙwashewa kamar lauje su toshe hanya. Gaskiya ne, amma bai cika ba. A 1980 Robert Hebbel ya nuna cewa ƙwayoyin mai sikila suna manne wa bangon jijiya. Daga baya aka fahimci cewa mai wannan ciwo kullum yana cikin toshewa da buɗewa a ƙananan jijiyoyinsa, wato yankewar jini da dawowarsa, sau da yawa ba tare da ya ji ba, kuma kowane zagaye yana hura wutar kumburi. A 2004 Granger da Hebbel da Katherine Wood suka nuna a ƙwaƙwalwar ɓeraye masu sikila cewa P-selektin na bangon jijiya ne ke sa fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini mannewa.

An ƙera maganin da ke toshe P-selektin, sunansa kirizanlizumab. Amurka ta amince da shi a 2019, amma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023 bayan wani babban gwaji ya kasa nuna yana rage tashin ciwon. Wanda ya fi tabbata har yanzu shi ne haidiroksiyuriya. Yana ƙara irin himogulobin na jarirai (himogulobin shi ne sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyi), wanda ke hana ƙwayoyi lanƙwashewa, sannan yana rage yawan fararen ƙwayoyin jini, waɗannan dai masu birgima da mannewa. Shi ya sa likita ke neman a riƙa gwajin jini akai-akai ga wanda ke shan sa, don kada ragin ya wuce kima.